Kunne a Zauren Malam Uba

Yelwa, Garwa
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga aminina Alhaji Hassan, a Dugoi, Marwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya gwiwar taka? Yaya zafin Marwa? Na Garwa ba sai na ba ka labari ba, ko ƙadangaru sun daina fitowa da rana. An yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana.

Ka yi haƙuri da girman haruffan nan. Idon hagu ya tafi, na dama kuma yana haɗa kayansa. Rubutu ina iyawa, don hannu ya san hanyarsa tun muna 'yan makaranta. Karatu ne ya gagara. Wasiƙarka ta baya sai da na fita da ita rana tsaka, na yi ta juya ta kamar mai duba kuɗin jabu, kafin na gane kana tsokanata ne a kan furfura.

Babban ɗana ya zo Sallah daga Duwala tare da matarsa Raihana. Taufiƙ nake nufi. Takarda ba baki ba ce, shi ya sa na iya rubuta sunan. Ya tarar na kwaso shimfiɗata na dawo zaure, don tun rasuwar matata Aisatu cikin gidan ya yi mini faɗi. Ya so in bi su Duwala, na ƙi. Da ya ga ba zan motsa ba sai ya ajiye mini kwamfuta a kan tebur kusa da gadona. A cikin burauza, wato ƙofar da ake bi a shiga intanet, ya liƙa wani ɗan ƙari da suke kira extension. Aikinsa karatu. Muryar mace ce, Faransancinta tsaf kamar ta gidan rediyo. In na ce mata lis sai ta kama karanta mini jarida, in na ce assez ta yi shiru. Na raɗa mata suna Madam. Ka gaya wa mutanen Dugoi cewa Uba ya yi amarya Bafaranshiya a tsufansa, ba sadaki, ba cefane, kuma tana yin shiru idan an ce ta yi.

Bayan tafiyarsu ta yi mini wata tambaya. Ita da kanta ta karanta mini abin da ya fito a allo: wai ko zan ba ta izini ta riƙa saurare kowane lokaci don ta fi jin kirana, ta kuma riƙa magana da wani abokin aikinta da ke cikin na'urar. Ta yi tambayar da ladabi, har da s'il vous plaît. Ka tuna Mushe Olivier, wato Monsieur a bakinmu, malaminmu na aji huɗu, mai cewa idan hukuma ta tambaye ka da Faransanci mai kyau amsar ita ce oui, wato e? Har yau karatunsa yana jikina. Na lalubi maɓallin na danna.

Masu zuwa gaishe ni sun ragu, yawancinsu suna maƙabarta. Wanda bai fasa ba shi ne Sharif, mai yanka na kwata. Ka san shi, dogon nan da ya yanka ragon sunan 'yarka lokacin da kake aiki a nan. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo da 'yar hanta a ƙunshe, ya zauna mu yi taɗi har la'asar. A wannan makon ya zo da magana mai nauyi, ya sauke ta a zaurena, na ba shi shawarar da nake da ita. Ba zan sa ta a takarda ba, ko da kai ne. Ranar da na kama aiki a gidan waya na ɗaga hannu na yi rantsuwa ba zan buɗe wasiƙar kowa ba, kuma har na yi ritaya ban taɓa ɗaga ambulan sama don in hango cikinsa ba. Saboda haka ne har yanzu ake kawo mini irin waɗannan maganganu. Shi ne kaɗai aikin da ya rage mini.

Ka gaishe da Hajiya da yara. Idan ka sami mai zuwa, ka aiko mini da kilishin Marwa, in tsotsa ko ban tauna ba.

Naka har kullum,
Uba

*

Yelwa, Garwa
Farkon damina

Aminina Alhaji Hassan,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta gida. Kilishi ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. An yi ruwan fari a nan, kogin Binuwai ya fara motsi.

Maganar da na ce ba zan sa a takarda ba, yanzu ko mai tallar gyaɗa ya san ta, don haka ɓoye maka ba shi da amfani. Hannun Sharif ya fara rawa. Wata safiya yana yanka wata baƙar saniya da aka kawo daga Ngong, wuƙa ta suɓuce masa a tsakiyar aiki. Nan take ya ɗauka ya ƙarasa, ba wani jinkiri, yankan ya halatta, kuma masu riƙe saniyar ba su lura ba. Amma abin ya tsaya masa a rai. Ya zo yana tambayata ko ya ajiye wuƙar. Na ce masa ya bari a yi babbar Sallah, sannan ya tara mahauta ya miƙa ta ga mataimakinsa da hannunsa, ya sauka da mutuncinsa, a yi masa addu'a. A kan haka muka rabu.

Ba a yi nisa ba sai maganar ta ɓulla a bakin masu abinci na tasha. Daga nan ta shiga kasuwa, tana tafiya tana ƙiba. Kafin ta dawo Yelwa ta zama wai Sharif ya shekara yana ciyar da gari mushe. Sarkin fawa ya kira shi, ya karɓi wuƙar a gaban jama'a, don hankalin masu saye ya kwanta. Ban ga laifin sarkin fawa ba. Nama abu ne da ake ci da yarda.

Abin da ya ɗaure ni shi ne an ambaci baƙar saniya, an ambaci Ngong. Sharif ya rantse ko matarsa bai gaya wa ba. Ya zo ƙofar gidana bai yi sallama ba, ya tsaya a rana. Ya ce, "Malam Uba, ni da kai ne a zauren nan. Ko bango ne ya yi baki?" Na ce ban faɗa wa kowa ba. Ya ce, "To na gode. Wasiƙun Turawa ka iya riƙewa, ta mahauci ce ta yi maka nauyi." Ya juya ya tafi.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba hanta, ba Sharif. Ba shi kaɗai ba. Wata tsohuwa da takan zo neman shawara a kan rikicin 'ya'yanta, yanzu daga bakin titi take ɗaga mini hannu. A masallaci ana gaishe ni yadda aka saba, amma in na matso sai hira ta koma kan ruwan sama.

Na zauna na binciki kaina yadda ake binciken jakar wasiƙu. Ko na yi magana cikin barci? Wa zai ji? Ko tsufa ya fara kwance mini baki ina faɗin abu ina mantawa? Wannan shi ya fi tsorata ni, don ba ni da shaidar da zan kafa a kan kaina. Kai ka san ni tun ina da gajeren wando. Idan ka taɓa jin na ba ka labarin da ba nawa ba, ka faɗa mini gaskiya.

Yanzu daga ni sai Madam. Tana karanta mini labarin auduga da na ƙwallo, ina saurare.

Ka gaishe da kowa.

Naka,
Uba

*

Yelwa, Garwa
Watan Zulƙida

Aminina Alhaji Hassan,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an kwantar da Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Na gode da shaidar da ka yi mini. Na kai takardar rana na karanta ta sau da yawa.

An gano ɓarawon, kuma a gidana yake kwana.

Kwanakin baya santsi ya kwashe ni a gindin randa. Ban ji ciwo sosai ba, na ja jiki na kama ƙafar tebur na tashi, ban gaya wa kowa ba. Washegari sai ga waya daga Duwala, yaron yana tambaya yaya ƙuguna, yana cewa a ɗauke randar daga zaure. Na amsa masa, muka yi sallama. Sai da na ajiye wayar na tambayi kaina wa ya gaya masa.

Akwai wata mata mai haya a gidan maƙwabcina, sunanta Nadège, 'yar kudu ce, tana koyar da ilimin kwamfuta a wata sakandare. Takan gaishe ni da Fulatancinta mai ƙwari idan za ta wuce. Na roƙe ta ta duba mini. Ta zo da la'asar, ta zauna ta yi ta latse-latse, can sai ta ce, "Papa, wa ya ba wannan abin izini haka?" Na ce ni ne.

Ga yadda na fahimci bayaninta, da harshen aikinmu. Burauza kamar tagar gidan waya ce. Irin su Madam ana barinsu su tsaya a bakin taga, su ga abin da ake miƙowa ta wurin, kuma ko wannan ma ba kaɗan ba ne, don duk shafin da ka buɗe suna iya gani. Amma ba su da ikon zagayawa bayan kanta. Sai dai idan an ajiye musu wani a ciki. To ita Madam tana da na ciki: wata manhaja ta biyu da aka sa a cikin kwamfutar kanta, ba a burauza ba. Wannan shi ne abokin aikin da ta nemi izinin magana da shi. Shi kuwa yana iya taɓa duk abin da mai na'ura zai taɓa, hotuna, takardu, da makirfo. Ko an rufe burauza yana nan a farke. Ni a zatona idan na ce assez ta tafi ke nan. Ashe bakinta kawai take rufewa.

An yi abin ne don tsofaffi masu zama su kaɗai. Duk lokacin da ya ji murya ko ƙarar faɗuwa sai ya naɗa, ya aika wa kamfanin da ya ƙera shi, daga can kuma ɗan'uwan da aka rubuta sunansa ya saurara a wayarsa. Nadège ta nuna mini sunan, ta karanta mini shi don ba na gani. Na babban ɗana ne.

Ta kunna mini kaɗan. Na ji tarina. Na ji kaina ina gaya wa Aisatu cewa miyar da ake aiko mini ba ta kai tata ba, don nakan yi mata magana wani lokaci idan gidan ya yi tsit, kuma ban taɓa gaya wa ko kai ba. Sannan na ji muryar Sharif yana cewa baƙar saniya. Na ce ta kashe. Ita ma kunya ta kama ta, ta yi ta kallon ƙasa.

Na kira Duwala. Bai musa ba. Ya ce, "Baba, ka ƙi biyo mu, ka ƙi a kawo maka mai kwana. In ka faɗi wa zai ji?" Ya ce ba ya sauraron hira, tari da faɗuwa yake nema, amma sai ya kunna kafin ya san me ke ciki. Ranar da ya kunna ta Sharif, Raihana tana ɗakin. Mahaifiyarta tana sayar da abinci a tashar Garwa, kuma daga kwata take ɗaukar nama. Sai Raihana ta kira ta, ta ce ta riƙa lura da naman da take saye, kada ta gaya wa kowa. Sauran ka san shi.

Na duba ban sami mugu a cikinsu ba. Ɗa yana tsoron a tsinci gawar ubansa, 'ya tana tsoron tukunyar uwarta. Da akwai mugu da abin ya fi sauƙi.

Na tambayi Nadège ko za a iya dawo da abin da aka aika. Ta ce za ta goge na cikin na'urar, yaron ma zai iya goge nasa, amma wanda ke hannun kamfanin sai dai a rubuta musu a roƙa, a kuma yarda da abin da suka ce. Ba ta san ma ƙasar da muryoyin suke ajiye ba. A zamaninmu wasiƙa in ta ɓata akan san a wace jaka ta shiga.

Ta tambaye ni ko ta cire makirfon kawai ta bar karatun. Na ce ta cire duka, da na bakin tagar da na bayan kantar. Wanda ya saurari baƙona sau ɗaya ba zai sake zama a zaurena ba.

Yanzu saura Sharif. Idan na gaya masa komai na wanke kaina, amma na tsayar da ɗan farina a kasuwa a matsayin mai laɓe wa ubansa, na kuma jefa surukata a bakin mahauta. Idan na yi shiru na mutu a matsayin tsohon da bakinsa ya kwance. Ban yanke ba tukuna.

Ka duba mini Hajiya da jiki.

Naka,
Uba

*

Yelwa, Garwa
Bayan babbar Sallah

Aminina Alhaji Hassan,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada. Na ji daɗin jin Hajiya ta koma gida. Yaya gwiwa da hawan idi?

Yaron bai zo ba bana. Ya aiko da rago, fari mai baƙin kunne. Muna gaisawa ta waya, gajeriyar gaisuwa. Yana ganin na zaɓi mahauci a kansa. Na gaya masa in na faɗi zan faɗi yadda kakansa ya faɗi, maƙwabta su ji ko kada su ji. Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ban ji daɗin faɗinta ba.

Ka san na daɗe ba na iya kayar da rago, Sharif ne yake yanka mini layya. Bana ba gida ɗaya a Yelwa da ya kira shi. Maƙwabcina ya ce zai turo mini sabon mai yankan kwata idan ya gama nasa. Na gode masa, na ɗauki sandata na tafi gidan Sharif da ƙafata ana jajibiri. Tafiyar da a da nake yi kafin shayi ya huce, sai da na zauna a dakalin mutane sau da dama. Na yi sallama, ya fito, bai ba ni tabarma ba.

Na ce masa maganarsa daga zaurena ta fita. Na'urar da ke kan tebur ce ta naɗa ta aika, kuma ni aka tambaya izini na ce oui ban san me nake amsawa ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma duk gaskiya ne. Ya ce, "Ƙarfe dai ba shi da suruka mai tuwo a tasha." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba sai ka faɗa ba. Ni ma na haifa." Sannan na ce ragona yana jiransa gobe. Ya ce, "Kana so ka ci mushe?" Na ce ina so in ci abin da na saba ci. Ya juya ya shige gida.

Da aka sauko daga idi na sa aka ɗaure ragon a ƙofar gida, a bakin titi, ba a tsakar gida inda aka saba ba. Na fito da kujera na zauna. Maƙwabta suka gama nasu, hayaƙin babbaka ya tashi, ragona yana tsaye yana cin ɓawon wake. Mutane suna wucewa suna tambaya ko a taimaka, ina cewa akwai mai zuwa. Rana ta take sosai kafin na ji takunsa, don takun nake ganewa yanzu, ba fuska ba.

Ban ga yankan ba sai inuwa-inuwa. Maƙwabcina da ya riƙe ƙafafun ya ce hannun yana rawa har lokacin da wuƙar ta taɓa wuya, daga nan ya tsaya cak, ja ɗaya. Mutane da dama sun tsaya kallo. Ya wanke wuƙarsa. Na ce a cire masa wuyan ragon yadda aka saba ba mai yanka. Na ɗauka zai bar shi. Ya karɓa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Kada ka ɗauka an mayar masa da aikinsa. Ba a mayar ba, kuma ba za a mayar ba. Saukar mutuncin da na tsara masa ta riga ta wuce shi. Tsohuwar nan ma har yau daga titi take ɗaga mini hannu.

Kwamfutar tana cikin akwatin Aisatu, na rufe. Ban san abin da ke faruwa a duniya ba sai abin da rediyon maƙwabci ya jefo ta katanga. Ba zan ɓoye maka ba, da hantsi nakan ji kewar muryar. Rannan na tsinci kaina na ce lis, ni kaɗai a zaure.

Juma'ar da ta wuce bayan masallaci na ji sallama. Sharif ne, ba hanta a hannunsa, don ba shi da ta kyauta yanzu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam tana ciki?" Na ce na sake ta. Ya ce, "Saki nawa?" Na ce uku. Ya ce, "Haka kuke cewa, ku tsofaffi, sai a ga an yi kome." Duk da haka bai shiga ba. Ya zauna a dakalin waje, na jawo kujerata na same shi. Mun yi zancen ruwan madatsar Lagdo da tsadar harawa har la'asar, irin zancen da ko a tsakiyar kasuwa za a iya yi. Da zai tafi ya ce sai Juma'a.

Na sa an fitar da tabarma an ajiye a dakalin.

Ka gaishe da Hajiya, da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Idan za ka ba ni amsa ka ƙara girman haruffa, kuma ka liƙe ambulan da kyau.

Amininka,
Uba